Husufin 2006 ya bar mini tabo a ido, ga kuma na 2027 yana tafe

Malam Kabiru Katsina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, jiya kuma da na ga ana ta yaɗa labarin husufin ranar da za a yi ran Litinin 2 ga Agustan 2027, sai na ce gara in fito da ita tun da sauran lokaci.

Duk wanda ya yi wayo a 2006 zai tuna Laraba 29 ga Maris, kwana kaɗan da gama ƙidayar jama'a. Nan Katsina wajen goma da rabi na safe gari ya rufe kamar magariba. Kaji suka nufi akurki, iska ta yi sanyi, har Zara ta fito a sama. Shekarata goma sha bakwai a lokacin. Tun da sassafe ni da yaran layinmu muka samo fasasshen gilashin taga, muka kunna aci-balbal, muka riƙa kara shi a kan harshen wutar har hayaƙi ya mayar da shi baƙi ƙirin. Da shi muka yi ta kallo, wannan ya karɓa ya miƙa wa wancan. Ni na fi kowa daɗewa da shi tunda ni na haɗa. Ina rufe idon hagu in leƙa da na dama, tun rana tana kamar an gutsuri gefenta har ta koma kamar jaririn wata.

Wallahi ko ƙaiƙayi ban ji ba. Sai washegari a aji na kalli allo, duk harafin da na tsayar da ido a kansa sai ya ɓace, na gefe da gefe suna nan. Na kalli abokina, ga kunnuwa ga gashi, tsakiyar fuskar kuwa kamar an goga toka. Tsoron faɗa ya sa na yi mako uku ban gaya wa kowa ba. Daga baya aka sayo mini maganin ɗigawa a kemis, bai yi komai ba. Da aka kai ni asibitin ido suka ce rana ce ta ƙona can cikin idon. Bayan wasu watanni abin ya ragu sosai, amma bai tafi duka ba. Yau in na rufe idon hagu, ba na iya zura zare a allura, lambar waya ma sai na karkata kai.

Ina da ɗalibai sama da ɗari a hannuna. Ba na son ko ɗaya ya sha abin da na sha. Don Allah masu ilimin abin su taimaka mana, me za mu gaya wa mutane?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam. Subhanallahi, Malam Kabiru, Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma a gidanmu da fim ɗin hoton ƙirjin kakarmu muka kalla, wanda aka ɗauka a asibiti. Ashe Allah ne kawai ya tsare.

Baba Isiyaku:
Allah ya ba da lafiya, Kabiru. Amma ku bari in faɗi tawa. Na haura saba'in, husufi ba ɗaya na gani ba, ba biyu ba. Mu tun muna yara ruwa ake zubawa a ƙwarya ko a baho, a ajiye a tsakar gida, kowa ya sunkuya ya kalli ranar a ciki. Iyayenmu haka suka yi. Ban taɓa jin wanda ya makance ba. Naka kuskuren shi ne ɗaga kai da ka yi sama. Ina ganin a koma wa ruwan kawai, ba sai an tsorata jama'a ba.

Dakta Safiya:
Barkanmu da warhaka. Baba, Allah ya ƙara girma, zan ɗan saɓa maka, ka yi mini afuwa. Aikin ido nake yi, kuma abin da Malam Kabiru ya faɗa daidai yake da yadda ciwon yake zuwa, tamkar daga littafi ya karanto.

A can bangon bayan ido akwai wani tantani mai laushi, shi ne ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri ƙanƙane, da shi muke karatu, da shi muke gane fuska, da shi tela ke ganin kafar allura. Gaban ido kuma akwai madubi mai tattara haske. Kun san yadda yara ke ɗaukar gilashin ƙara girma su tattara rana a kan takarda har ta yi hayaƙi? To idan mutum ya ƙura wa rana ido, madubin idonsa wannan aikin yake yi, kuma a kan wancan ɗan wurin yake saukewa. Ba ma sai zafi ya kai na ƙuna ba, ƙarfin hasken kansa yana lalata ƙwayoyin gani.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne tantanin nan ba shi da jijiyar jin zafi. Za a yi ɓarnar a gama, mutum yana dariya. Alamar sai bayan wasu sa'o'i ko washegari: dishi-dishi a tsakiyar gani, ɗigo baƙi ko toka-toka, layi miƙaƙƙe ya koma a karkace, launi ya canja. Kuma har yau babu wani magani ko tiyata da aka tabbatar yana gyara shi. Da yawa suna samun sauƙi cikin wata uku zuwa shida, wasu kuma tabon ya zauna har abada.

Batun ba ka ji wanda ya makance ba, Baba, gaskiya ne, domin ba makanta ce irin ta sanda da ɗan jagora ba. Mutum zai ci gaba da tafiyarsa, ya je gona, ya je kasuwa. In ido ɗaya ne ya taɓu, ɗayan yana rufa masa asiri. Wanda ba karatu yake yi kullum ba zai iya shekaru bai lura ba, in ya lura kuma ya ce tsufa ne ko hawan jini.

Baba Isiyaku:
Na ji wannan, 'yata. Amma ruwan fa? Ai ba ranar kake kallo ba, inuwarta ce.

Dakta Safiya:
Hotonta ne, Baba, kuma hoton da haskensa yake zuwa. Ruwa yana rage shi, ba musu. Idan rana tana sama, abin da yake dawowa daga fuskar ruwa kusan kashi 2 ne cikin 100. Sai dai tabarau na husufi na gaskiya, iyakar abin da aka yarda ya bari ya wuce kusan kashi 3 ne cikin 100,000. Ka ga ruwan ya ninka abin da ido zai iya ɗauka sau ɗaruruwa. Ga shi kuma saboda ba ya kashe ido sosai, sai yaro ya tsuguna a bakin baho ya yi minti biyar yana kallo. Ragin da ruwan ya yi, tsawon kallon ya cinye shi.

Maryam:
Anti Dakta, ni abin da ban gane ba, wai hasken ranar husufi ya fi na kullum dafi ne? A makarantarmu haka ake cewa, wai wani mugun haske take fitarwa ranar.

Dakta Safiya:
A'a Maryam, ranar jiya ce ranar yau, ba abin da ya ƙaru a jikinta. Wata ne kawai ya gitta tsakaninmu da ita. Bambancin yana wajenmu. A ranar da ba husufi, wa zai tsaya kallon rana? Ko ka gwada, ido zai ƙifta, hawaye ya zubo, ka kau da kai dole. Wannan garkuwa ce Allah ya yi mana. Ranar husufi kuwa ga dalilin kallo ya samu, ga haske ya ragu har ido yana iya jurewa, alhali ɗan siririn da ya rage a fili ƙarfinsa na nan yadda yake. Ko da kashi 99 cikin 100 ya rufe, ragowar ɗayan ya isa ya yi tabo.

Bayan husufin Amurka na 21 ga Agustan 2017, likitoci a New York sun ɗauki hoton cikin idon wata matashiya da ta kalla. Tabon da suka gani a tantanin, siffar lauje gare shi, daidai da siffar ranar a lokacin da ta kalle ta. Kuma daƙiƙoƙi ne ta yi, ba mintuna ba.

Sale Mai Walda:
Salamu alaikum. Ni a Gusau nake, mu ma duhun 2006 ya rufe mu ruf. Ranar shagon maigidana cika ya yi, kowa na roƙon a ara masa gilashin walda. Dakta, namu ya halatta ko shi ma a'a? Don mu kullum cikin wuta muke, kuma in ta kama idon mutum ai ya sani, daren nan ba barci, kamar an zuba masa yashi.

Dakta Safiya:
Malam Sale, tambayarka ta yi kyau ƙwarai. Wancan ciwon naku na dare, fatar gaban ido ce ke ƙonewa, ita kuwa cike take da jijiyoyi, shi ya sa yake da azaba, kuma galibi kwana ɗaya ko biyu ya warke. Na husufi a can baya yake, shiru yake yi, kuma shi ne mai zama. Kada wani ya ce tunda bai ji yashi a ido ba ya tsira.

Gilashin walda kuma lamba-lamba ne. Wanda ake yarda da shi don kallon rana shi ne lamba 12 zuwa 14, 14 ɗin ya fi kwanciyar hankali. Wanda aka fi aiki da shi a shaguna bai kai nan ba. Ka duba gefen gilashin, akan buga lambar a jiki. In babu lamba, a bar shi. Kada kuma a haɗa biyu marasa ƙarfi a ce sun zama ɗaya mai ƙarfi.

Sale Mai Walda:
To ai mafi yawan yaranmu ma ba gilashin walda suke sawa ba, baƙin tabarau ne na 'yan gayu da ake sayarwa a bakin titi. Zan duba nawa in na je shago.

Dakta Safiya:
Wannan tabarau ko a walda bai kamata ba, balle rana. Galibinsa yana barin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na haske ya wuce. Ko guda huɗu ka jera ba su yi ba. Haka fim ɗin hoton asibiti da Hajiya ta ambata, da faifan CD, da baƙar leda, da gilashin mota mai duhu, da gilashin hayaƙi irin na Malam Kabiru. Shi na hayaƙin ma, baƙin ba ya kwanciya daidai, wani wuri kauri wani wuri shara-shara, yatsa kaɗan ya goge shi. Duhun abu a ido ba shi ne shaida ba, akwai hasken da ido ba ya gani amma yana wucewa.

Malam Nuhu:
Bismillah. Ina son in ƙara wani abu ta fuskar addini, don na ga wasu na ɗauka tsayawa kallon ma wani nau'in ibada ne. A zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, an yi husufin rana a ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, shekara ta 10 bayan hijira. Mutane suka ce saboda rasuwar ne. Sai ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, kuma idan an ga haka a tashi a yi salla, a yi addu'a, a yi sadaka. Sallar raka'a biyu ce, kowace raka'a da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, ana tsawaita karatu. Wanda ya bi wannan, lokacin da wasu ke ɗaga kai sama shi goshinsa na ƙasa. Ido kuma amana ne, ba a yarda mutum ya jefa shi cikin halaka ba.

Baba Isiyaku:
Allah ya gafarta Malam, to ai sai an gani za a tabbatar an yi, sannan a kira salla. Wani dai sai ya duba.

Malam Nuhu:
Haka ne Baba, amma tabbatarwa ba ta buƙatar liman ya rasa idonsa. Akwai hanyar gani ba tare da an kalli ƙwayar ranar ba, na san masu boko a nan za su fi ni iya bayaninta.

Lawali Maraɗi:
Ina gaida kowa. Wannan hanyar ni na gan ta da idona, kuma ba wanda ya shirya ta. A 2006 ina lakwal a Maraɗi, mushe, wato malaminmu, ya hana mu fita fili, ya tara mu ƙarƙashin wani babban dogonyaro a tsakar makaranta. Muna ta gunaguni an hana mu kallo. Can sai wata yarinya ta yi ihu tana nuna ƙasa. Kun san ɗigo-ɗigon hasken da ke ratsowa ta cikin ganye, waɗanda kullum zagaye suke kamar kwabo? Duka sun koma lauje. Ɗaruruwa, a ƙasa, a bango, a kan rigunanmu, har a bayan hannuna. Muna tsaye muna ganin laujen yana sirancewa har duhu ya rufe. Da haske ya dawo sai ga su sun juya ɗaya gefen. Har gobe ban ga abin da ya kai wannan kyau ba, kuma ba wanda ya ɗaga kai a cikinmu.

Malam Kabiru Katsina:
Allahu akbar. Malam Lawali, akwai darbejiya uku a ƙofar gidanmu a ranar. A ƙarƙashinsu muka tsaya muna haɗa gilashin hayaƙin. Ko sau ɗaya ban kalli ƙasa ba.

Dakta Safiya:
Allah sarki. To abin da ganye ya yi, kowa zai iya yinsa a gida. A samu kwali, a huda shi da allura ko ƙaramar ƙusa, huda ɗaya mai tsafta. Ka juya wa rana baya, ka ɗaga kwalin ta saman kafaɗa, hasken da ya bi ta hudar ya sauka a kan farar takarda ko farin zane a ƙasa. Wannan ɗan zagayen hoton rana ne. In tazarar ta kai mita ɗaya, faɗinsa zai kusa santimita ɗaya, in ka ƙara nisa ya ƙara girma amma ya dusashe. Iyaye mata kuma kuna da kayan aiki a madafa: madambaci, mataci, ludayi mai huda-huda, duk abin da ke da ƙananan ramuka. Ku riƙe shi a rana ku kalli inuwarsa, kowane rami zai ba ku laujensa.

Sai dai a ja kunnen yara da kyau: ba ta cikin hudar ake leƙen rana ba. Na sha jin wanda aka ce masa ya huda kwali, shi kuma ya manna a ido ya ɗaga kai. Rana a bayanka, idonka a ƙasa.

Awudu Nima:
Gaisuwa daga Ankara ta ƙasar Gana. Mu nan husufin 2006 da safe ya same mu, wajen ƙarfe tara da 'yan mintuna, kafin ya wuce Togo da Benin ya iso gare ku. Wani malaminmu ƙaramin madubi ya ɗauka, ya rufe shi da takarda ya bar rami kamar girman kwabo, ya ajiye a rana ya harba hasken ta taga zuwa bangon aji. Muna zaune a inuwa muna kallo a bango kamar sinima. Ga masallaci ko makarantar allo ina ganin wannan ya fi, mutum hamsin za su gani lokaci ɗaya. A dai tsare kada yaro ya shiga gaban hasken ya kalli madubin.

Hajiya Rabi:
Ni dai duk na ji, amma gaskiya nawa yaran ɗaki zan kulle su har a gama. Yaro ɗan shekara biyar ka ce masa kada ya kalli sama, ai kamar ka ce masa kalla ne. Sannan Dakta, ƙanwata na da ciki, surukarta ta ce mai ciki ba ta fita ranar husufi, wai ɗan zai zo da tabo. Akwai gaskiya a ciki?

Dakta Safiya:
Babu, Hajiya. Husufi ba ya taɓa ciki, ba ya taɓa abinci ko ruwan sha. Inuwar wata ce ta faɗo a ƙasa. Mai ciki ta yi harkarta, ta kiyaye idonta kamar kowa.

Malam Nuhu:
A addini ma ba shi da asali. Ta yi sallarta ta yi addu'a.

Malam Kabiru Katsina:
Hajiya, kan ƙananan yara na yarda da ke, 'yan ƙasa da shekara shida ko bakwai a riƙe su a ciki ko a hannu. Amma manyan, kulle ba zai yi ba. Mu ma an hana mu a 2006, mahaifina da kansa ya ce kada wanda ya kalla. Hanin ne ya sa muka ɓuya a bayan layi muka yi dabararmu, ba babba ko ɗaya a kusa. Da wani ya nuna mana inuwar darbejiya, da ƙishirwar ta kwanta. Yaro in ka hana shi ƙofa, taga zai bi.

Kuma ku duba kwanan watan. Farkon Agusta yawancin makarantu suna hutu, ba malamin da zai tara su kamar yadda aka tara su Malam Lawali. Suna gona, suna kiwo, suna talla. Almajirai suna kan titi. Su wa zai kulle?

Hajiya Rabi:
Wannan kuma gaskiya ne. Amma nawa dai ina nan kan bakata, sai in babansu yana gida.

Lawali Maraɗi:
Agusta kuma tsakiyar damina ce. Wataƙila ma hadari ya rufe, kowa ya huta.

Dakta Safiya:
In baƙin hadari ne ya rufe ta gaba ɗaya, shi ke nan. Wanda nake tsoro shi ne siririn gajimare, wanda rana ke bayyana ta cikinsa kamar farin faranti. Yana sa kallo ya yi daɗi, ba ya tare abin da ke cutarwa, kuma yana iya yayewa farat ɗaya ido na kai. Haka ƙurar hunturu take.

Ku kuma lura, a 2027 Najeriya da Nijar ba sa kan hanyar cikakken duhu. Wani ɓangare ne kawai zai rufe a wajenmu. Ma'ana daga farko har ƙarshe babu daƙiƙa ɗaya da ya halatta a kalla da ido tsirara.

Alhaji Bala:
To ina ne zai yi duhun sosai? Ina tambaya ne don ina da niyyar kai Hajiyata Umara a wannan lokacin in Allah ya yarda.

Dakta Safiya:
Alhaji, ai kuwa kun dace. Inuwar za ta bi ta kudancin Sifaniya, arewacin Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, ta ratsa Masar inda a wajen Luksor duhun zai haura minti 6, ta tsallaka Bahar Maliya ta rufe Jidda da Makka, sannan Yaman da Somaliya. A Makka kusan minti 5 ne, jim kaɗan bayan sallar azahar.

Ga ƙa'idar. Lokacin da wata ya rufe rana ruf, ba ko ɗigon haske mai kashe ido, sai farin rawani kewaye da baƙin faifai, a nan kaɗai ake cire tabarau a kalla, kuma ba laifi. Da zarar ɗigon farko ya ɓullo a gefe, a kau da kai nan take. Sama da sa'a guda kafin nan da kuma bayan nan, duk da kariya ake kallo. Madina kuma ba ta cikin layin, za ta rufe da yawa amma ba duka ba, don haka wanda ke can kada ya cire ko kaɗan. Kano ma haka ta kasance a 2006, gari ya dusashe amma bai rufe ba, alhali Katsina ta yi sama da minti uku a duhu.

Alhaji Bala:
Na gode. Ni ɗan kasuwa ne, tun ɗazu nake lissafin in sa a kawo mini tabaran nan katan-katan. Ta yaya zan gane na ƙwarai?

Dakta Safiya:
Na ƙwarai yana ɗauke da lambar ma'auni ISO 12312-2 da sunan kamfanin da ya yi shi. Amma Alhaji ka fi ni sanin kasuwa, buga lamba a kwali ba wuya. A 2017 jabu sun yi yawa a Amurka har Amazon ta mayar wa mutane kuɗinsu kan waɗanda ba ta iya tantancewa ba. Ƙungiyar masana taurari ta Amurka tana da jerin kamfanonin da ta tantance a shafinta na intanet, daga cikinsu za ka zaɓa, ba wanda ya fi araha ba.

In sun iso ka gwada. Ka sa a ɗaki, bai kamata ka ga komai ba, ko kujera ko taga. Ƙwan lantarki mai ƙarfi sosai ne kawai zai ɗan bayyana dishi-dishi. In kana ganin fuskar mutum ta ciki, zubar da shi. Wanda ya huje ko ya karce shi ma haka. Wannan gwajin yana kama na banza ƙarara, amma cin sa ba ya nufin an tabbatar, shi ya sa asalin inda aka saya ya fi komai. Mai tabaran likita kuma a kan tabaransa zai ɗora na husufin.

Alhaji Bala:
To in haka ne sai na yi a hankali. Da in sayar wa mutum abin da zai ɓata masa ido gara in bar cinikin. In na samu na gaskiya, Malam Kabiru, na ɗalibanka kyauta ne.

Malam Kabiru Katsina:
Allah ya saka da alheri, Alhaji, ya kai ku Makka lafiya.

Maryam:
Saura waya. Ni dai na san kowa ɗaga waya zai yi. In ta fuskar waya nake kallo ai ba komai ko?

Dakta Safiya:
Fuskar wayar ba ta cutar da ido. Matsalar wajen saita ta ne, sai kin ɗaga kai kin nemo ranar, ido kuma yana zamewa ta gefen wayar. Kyamarar ma tana iya lalacewa in an daɗe, hoton kuma farin dunƙule kawai zai fito. In kina da tabaran husufi na biyu, ki rufe idon kyamarar da shi. Wanda ya fi duka haɗari shi ne madubin hangen nesa, irin mai ido biyu da wasu ke da shi a gida. Wannan ko da tabaran husufi a fuska kada a leƙa, hasken da yake tattarawa yana huda tabaran ya shiga ido nan take. Tacewarsa daban ce, a gaba ake ɗaura ta.

Awudu Nima:
Wanda kuma bai samu zuwa Makka ba ya yi haƙuri, 20 ga Maris 2034 cikakken duhu zai bi ta Legas ya wuce Kamaru da Cadi da Sudan. Allah ya nuna mana.

Sale Mai Walda:
Na dawo. Na duba gilashin hular waldata, lamba 10 aka buga. Irinsa ne muka yi ta ara wa mutane a 2006, har da mata da yara. Wallahi jikina ya yi sanyi. Wannan karon ko an zo roƙo ba zan bayar ba, madambacin gidana zan kawo shago.

Baba Isiyaku:
Ni har yanzu ina ganin ruwan da muka kalla bai yi mana komai ba, Allah ya tsare. Amma jikokina zan kai su gindin darbejiya, tunda ba kuɗi ake biya ba. Dakta, wata tambaya. Ƙanena da muke uba ɗaya, shekaru ke nan in zai karanta Alƙur'ani sai ya karkatar da kai gefe, ya ce tsakiyar layin ne ke ɓace masa. Mun ɗauka shekaru ne. Yana cikin waɗanda suka tsaya a fili a 2006. Tozali yake ta sawa, wani kuma ya ba shi zuma yana ɗigawa.

Dakta Safiya:
Baba, ba zan iya yanke hukunci daga nan ba. Zai iya zama tsohon tabon rana, zai iya zama ciwon suga ko lalacewar tsakiyar gani da ke zuwa da shekaru, kuma a cikin waɗannan akwai wanda ake iya tsayar da shi in an kama da wuri. Ya daina ɗiga zumar da duk wani abu da ba likita ya ba shi ba. A kai shi inda akwai likitan ido da zai buɗe ƙwayar idon da magani ya duba bayansa, ba wajen masu gwada tabarau a kasuwa ba. In Kaduna ta fi muku kusa akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, Kano ma akwai asibitocin ido. A tafi da wanda zai riƙe masa hannu, don bayan maganin gani yana yin dishi-dishi na wasu sa'o'i.

Baba Isiyaku:
To madalla, Allah ya yi miki albarka. Ran Alhamis ɗansa zai shigo gari, zan sa ya kai shi.